Tsofaffin kalmomin ihu da ɗaga murya a Turancin ƙauye: yaya ake juya su zuwa Hausa?

Malamin Adabi, Gusau:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman a haska mini hanya. Akwai wasu gajerun labarai na mutanen karkarar arewacin Ingila, na wajen ƙarni na 19, da ake son juyawa zuwa Hausa domin ɗaliban aji biyar na sakandare a nan Gusau. Inda marubuci ke ba da labari da bakinsa ba matsala, Turancin makaranta ne. Inda gizo ke saƙa shi ne maganar mutanen cikin labarin, musamman idan rai ya ɓaci ko an shiga tashin hankali. Kalmomin da suka tsaya mini su ne skrike, gowl, beal, rowt da steven. Akwai kuma biyu da na sani sarai amma ma'anarsu ta ƙi zama: uwa ta ce wa ɗiyarta ta daina greet, alhali ba baƙon da ya shigo balle a gaishe shi, sannan an ce jariri yana roaring, kamar wani zaki. Ƙamus ɗin ɗalibai bai san da biyar na farko ba. Mene ne ma'anarsu, ina ake duba irinsu, kuma laifi ne in an sa "ihu" a madadinsu duka a wuce wurin?

Bakabe, Birnin Kabi:

Wa alaikumus salam, Malam. In fara da tambayarka ta ƙarshe: e, laifi ne, domin kusan rabin kalmomin nan ba ihu suke nufi ba, kuka suke nufi. Waɗanda ke nufin ɗaga murya ɗin ma kowace da irin maƙogwaron da take fitowa.

Greet ɗin da uwar nan ta faɗa ba ta haɗa komai da gaisuwa ba sai kamar rubutu. Kalma ce daban ta mutanen Sikotlan da arewacin Ingila, ma'anarta kuka da hawaye, kuma har yau suna faɗinta. Za ka gane ta da yadda take sauya siffa: in an riga an yi kukan sai su ce grat, in kuma sigar da ke bin have ce sai su ce grutten. Duk inda ka ga waɗannan biyun a shafi, to ba gaisuwa a wurin. Haka roaring ɗin jariri. A Yorkshire, musamman kudancinta wajen Sheffield da Barnsley, roar kukan yaro ne mai ƙarfi, wanda mu za mu ce yana tsala kuka ko yana rusa kuka. Sau da yawa za ka gan ta tare da give ower, wato "daina". In ka rubuta cewa jariri yana ruri ka ɓata hoton gaba ɗaya, mai karatu zai zaci aljanu ne suka taɓa yaron.

Skrike ta Lancashire ce da kewayenta, ana furta ta kamar "sikraik". Siririyar murya ce mai huda kunne, ƙara ke nan, sannan a bakin iyaye mata ta koma kukan yaro mai naci. A Manchester har gobe ana ce wa yaro ya daina skriking. 'Yar'uwarta a daidaitaccen Turanci ita ce shriek, kuma bambancin farkonsu yana da dalili da zai yi maka amfani a wasu kalmomin. Mayaƙan da ake kira Viking, mutanen Danmak da Norwe, sun ci birnin York a 866, kuma daga 876 suka fara raba gonaki suna zama a arewa. Tsohon Turanci ya riga ya mayar da sautin sk zuwa sh, harshen baƙin kuwa ya riƙe sk ɗinsa. Shi ya sa Turanci ke da shirt da skirt, asalinsu ɗaya, ɗaya ta gida ɗaya ta baƙi. Saboda haka in ka ci karo da kalmar arewa mai farawa da sk wadda ba ka sani ba, gwada sa mata sh ko scr ka ji ko wata sananniya za ta fito. Ba kullum dabarar ke ci ba, amma tana ci sau da yawa.

Gowl da rowt su ma gadon baƙin nan ne, daga gaula da rauta na tsohon harshensu. Gowl doguwar murya ce mai jan rai, irin kukan kare da dare ko iska a kafar ƙofa, in mutum ne kuma to kuka ne da baki buɗe, gunji ko kururuwa. Rowt ta shanu ce tun asali, rurin sa ko kukan saniyar da aka raba da ɗan maraƙinta. Beal ma can ta dosa, ana jin ta a Yorkshire da Lincolnshire, ta dabba ce da ake ara wa mutum. To a nan ne fassara ke buƙatar kunne. Idan marubuci ya ce wani ƙato yana rowt ko yana beal, ba ƙarfin murya kaɗai yake nuna maka ba, yana rage masa daraja ne, ya jera shi da garke. Hausa tana da wannan dabarar daidai: "yana ta ruri kamar bijimi". In ka ce "yana ihu" ka zubar da rainin da ke ciki, kuma rainin ne abin da marubucin ya so a ji.

Steven ba sunan mutum ba ne a nan. Daga stefn take ta tsohon Turanci, wato murya, 'yar'uwar Stimme ta Jamusanci. Ta ɓace daga Turancin birni tun da daɗewa amma ta saura a ƙauyukan arewa da ma'anar murya mai ƙarfi ko hayaniya. Duba ko da ƙaramin baƙi aka rubuta ta, kuma ko akwai a ko the a gabanta. In haka ne, "amon murya" ko "hargowa" za ka sa, gwargwadon ko mutum ɗaya ne ko taro.

In labaran sun gangara kudu kalmomin za su sauya. Wajen Birmingham blart suke cewa, kukan tunkiya ko maraƙi da ake ara wa yaro. A Norfolk blar ce. A arewacin Ayalan akwai gulder, tsawa mai kauri ta mai fushi.

Malama 'Yar Argungu:

Malam Bakabe ya gama da ma'ana, ni bari in taɓa wurin dubawa, don gobe wasu kalmomin za su fito kuma ba kullum za a samu mai amsawa ba.

Littafin da aka yi domin wannan aiki shi ne English Dialect Dictionary na Joseph Wright, juzu'i 6, ya fito tsakanin 1898 da 1905, da kalmomi kusan 70,000. Shi Wright ɗan ƙauye ne daga kusa da Bradford a Yorkshire, an haife shi a 1855, ya fara aikin ƙarfi yana ɗan shekara 6 yana kora jaki, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen 15, daga baya ya zama farfesa a Oxford. Na kawo wannan ne don a san cewa kalmomin da kake tambaya a kansu harshen uwarsa ne, ba daga nesa ya hango su ba. Jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ta sa ƙamus ɗin gaba ɗaya a intanet kyauta da sunan EDD Online. Wanda ya samu hoton shafukan tsohon bugu kuwa, ga yadda aka raba shi: A zuwa C a na ɗaya, D zuwa G a na biyu, H zuwa L a na uku, M zuwa Q a na huɗu, R da S a na biyar, T zuwa Z a na shida. Kenan skrike, rowt, roar da steven duk suna juzu'i na biyar. In kalmar ta Sikotlan ce, shafin Dictionaries of the Scots Language ya fi zurfi, shi ma kyauta ne.

Abin da ke kayar da mutane na farko shi ne rubutu. Turancin ƙauye ba shi da daidaitacciyar ƙa'ida, kowane marubuci yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Beal za ta zo maka a beeal ko beel, skrike a scrike ko skryke, rowt a rout, roar a rooar. In ka nema ba ka samu ba kada ka yanke cewa babu ita. Cire wasalin da aka ninka, musanya k da c, musanya ow da ou, ka cire -in ko -ing na ƙarshe, sannan ka sake nema.

Na biyu, kada ka tsaya a ma'anar farko. A ƙarƙashin kowace kalma Wright yana jera gundumomin da aka ji ta da gajerun haruffa: Yks. ita ce Yorkshire, Lan. Lancashire, Nhb. Northumberland, Cum. Cumberland, Lin. Lincolnshire, Nrf. Norfolk, Sc. Sikotlan. Ƙaramin baƙi a gaba yana nuna shiyya, w.Yks. yammacin Yorkshire ke nan. Ka fara gano inda labarinka ya faru, sannan ka bi ma'anar da ke ɗauke da alamar wannan gunduma, ka karanta jimlolin misali da aka kawo daga can. Kalma ɗaya tana iya zama kuka a wannan gunduma ta zama faɗa a ta kusa da ita. Mu ma mun san haka: "ɗiya" a bakin Basakkwace da a bakin Bakano ba lallai abu ɗaya suke nufi ba.

Na uku shi ne tagwayen ƙarya, kalmomin da suka yi kama da wadda ka sani. Ban da greet, ga waɗanda suka fi cin mutane. Rout ta rurin shanu ba ita ce rout ta fatattakar abokan gaba a yaƙi ba. Bell in aikatau ce kuma ana maganar namijin barewar ƙasarsu, ruri yake yi lokacin barbara, ba ƙararrawa a wurin, daga bellan take ta tsohon Turanci. Keen a labarin Ayalan kukan mutuwa ne da mata ke rerawa a kan gawa, daga harshen Ayalan ɗin aka aro ta, ba ruwanta da keen ta ƙwazo. Sannan a yi hattara da gowl in an buga ta a intanet kai tsaye, domin a wasu sassan Ayalan akwai wata gowl daban wadda zagi ce, kuma ita ke fara fitowa. Kada a tura ɗalibai su nemo ta da kansu.

Injin fassara na waya kuwa a ajiye shi gefe a wannan aikin. Zai mayar da greet gaisuwa, ya mayar da steven sunan mutum, kuma zai yi hakan cikin jimla mai santsi da ba za ka yi zargin komai ba.

Bazamfare, Talatar Mafara:

Allah shi gafarta malamai. Duk an yi ta maganar gefen Turanci, amma rabin aikin yana gefenmu, kuma a nan ne na fi ganin ana sakaci. Mai fassara zai kwana yana tonon asalin kalmar Bature, in ya zo Hausa sai ya ɗauki wadda ta fara faɗo masa.

Kafin ka zaɓi kalma ka tambayi wurin abu uku: wa ya yi muryar, me ya sa ya yi ta, kuma siririya ce ko kakkaura. Mace ta taka maciji a ɗakin girki, ƙara ta ƙwalla, gajeriya ce kuma ba da niyya ba. Gobara ta kama rumbu, kururuwa ake yi, ana maimaitawa don a kawo ɗauki. Manomi yana wannan gefen fadama ɗansa yana wancan, kuwwa zai yi masa, ya kewaye baki da tafin hannu biyu ya ja wasalin ƙarshe na sunan. Uba ya ga yaro zai taɓa wuta, tsawa zai daka, kuma tsawa daga sama take saukowa, ɗa ba ya daka wa ubansa tsawa sai in ana son nuna ya fita tarbiyya. Mai fushi da ke zazzaga faɗa kowa na ji, hargagi yake yi. Namijin da ya zabura zai kai duka, ƙaraji. Wanda abin bai kai ya kawo ba amma ya tara wa kansa jama'a, kwakwazo. Wanda baƙin ciki ya ci ƙarfinsa har muryar ta koma cikin ƙirji, gunji.

Sannan Hausa ba a sunan kaɗai take ajiye ƙarfin ba, a aikatau take ajiye shi. "Ya yi ihu" ba shi da jini a jika. Kurma ihu, zunduma ihu, kwarara ihu, tsala ihu, kowanne da nauyinsa. Haka kuka: fashewa da kuka farawa ce, ɓarkewa da kuka ta fi ta ƙarfi, rusa kuka kuwa an daɗe ana yi kuma da murya. Inda Bature ya sauya kalma daga skrike zuwa gowl, sau da yawa kai aikatau kawai za ka sauya ka bar sunan yadda yake.

Akwai wuri ɗaya da al'adun biyu suka haɗu har abin ya ba ni sha'awa, kuma zai iya fitowa a labaranka. Cry a Turanci ba hawaye ba ne da farko, ɗaga murya ne, daga Faransanci aka aro ta. Shi ya sa suke kiran mai shelarsu town crier, wanda ke kaɗa ƙararrawa a kasuwa yana cewa oyez, wato "ku saurara". Sankira ke nan ko mai shela, kada a ce mai kuka. Haka hue and cry: dokar Winchester ta 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, ta wajabta wa duk wanda ya ji an yi kuwwar ɓarawo ya bar abin da yake yi ya bi sawu, kuma in ɓarawon ya tsere mutanen yankin ne ke biyan abin da aka sace. Wannan yekuwa ce, ko kuwwa. Ɗalibin Zamfara ba sai an yi masa dogon bayanin abin da kuwwa cikin dare take nufi ba, ya san yadda gari ke tashi a kanta, kuma ya san abin da ake nufi da ihu bayan hari.

Abu ɗaya da zan hana: kada a sa guɗa a madadin skirl ta mutanen Sikotlan don kawai duka biyun sirara ne. Skirl ƙara ce mai kaifi, ana kuma faɗinta ga kukan algaitarsu mai jakar iska. Guɗa kuwa ta farin ciki ce, ta biki da haihuwa, kuma mata ke rangaɗa ta. In ka sa ta a bakin matar da ta firgita ka juya ma'anar.

Shawarata ta ƙarshe, tunda marubucin ya bar riwaya da Turancin makaranta ya ba mutanensa harshen ƙauyensu, kai ma ka yi haka. Riwaya da daidaitacciyar Hausa, maganar mutane da Zamfarci. Uwar nan ta ce, "Ke, mi kika yi ma kuka? Ishe mu hakanan." Ɗalibanka za su ji ta kamar maƙwabciyarsu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana sa alamar karin harshe a kan kalmomi, na Sakkwato da na Katsina da sauransu, zai taimaka wurin tabbatar da wadda ake shakka.

Malamin Adabi, Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Steven ɗin da ƙaramin baƙi take, kuma taron mutane ne a bakin kasuwa, don haka hargowa ta zauna. Sauran biyu da suka fito a labari na gaba: yammer da yelp. Na ga an ce yelp asalinta alfahari ne. In sa kirari?

Bakabe, Birnin Kabi:

A'a Malam, kada ka sa. Gaskiya ne gielpan a tsohon Turanci cika baki ne, irin wanda jarumi ke yi gaban jama'a kafin yaƙi, ya faɗi abin da zai aikata, kusa da abin da ɗan dambe ke yi in makaɗi ya taɓa masa takensa. Amma wannan ma'anar ta shekaru dubu da suka wuce ce. A ƙarni na 19 yelp ta riga ta zama ɗan gajeren kukan kare da aka taka wa wutsiya, ko ƙarar mutum da abu ya soke shi ba zato. Asalin kalma yana taimaka maka ka riƙe ta a ka, amma shekarar da aka rubuta labarin da gundumar da ya faru su ke yanke ma'ana. Yammer ma haka: tushenta geomrian, makoki da baƙin ciki, kuma jammern ta Jamusanci tana nan kusa da wannan. A bakin mutanen labarinka ta sauko ta zama mita da murya sama, ƙorafin da ba ya ƙarewa. In tsohuwa ce ke yi wa mijinta, "mita" ta isa. In yaro ne ke bin uwarsa yana neman abu, "naci" ko "kukan banza".

Game da shawarar ɗan'uwana na Talatar Mafara, na yarda da ita amma da sharaɗi, domin akwai rami a ciki. A karin harshenmu na yamma "suka" da "muka" da "kika" suna nufin abin da ake cikin yi, wato "suke", "muke", "kike" na daidaitacciyar Hausa, abin da ya wuce kuwa "sunka", "munka", "anka" ne. Jimlar da ya kawo, "mi kika yi ma kuka", ɗan Gusau zai ji ta daidai, uwa na tambayar kukan da ake yi yanzu. Ɗan Zariya zai karanta ta a matsayin kukan da aka riga aka gama. In takardun ba za su wuce ajinka ba, babu damuwa. In za su yi yawo, ko kuma ɗaliban nan ne za su zauna jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO inda daidaitacciya ake nema a rubutu, to a rage. A ɗauki kalmomi da 'yan alamomi kaɗan, kuwwa, wanga, mi, shina, a bar lokutan aikatau yadda suke a daidaitacciya, kuma duk abin da aka zaɓa wa mutum ɗaya a riƙe masa shi daga farkon labari zuwa ƙarshe. Kada uwar ta yi Zamfarci a shafi na biyu ta koma Kananci a na biyar.

In ka gama kowane labari, ka ba ɗalibi ɗaya ya karanta maganganun da ƙarfi ba tare da ya ga Turancin ba. Inda ka rubuta tsawa ya kamata ka ji ya datse muryarsa, inda ka rubuta kuwwa ka ji ya ja ta. In ya karanta wuraren biyu da murya iri ɗaya, koma kan aikatau ɗin da ka sa a gaban sunan, yawanci "yi" ce ta maƙale a wurin.